Awon da Ba a Yi wa Ƙanwata Ba

Assalamu alaikum mai gabatar da shirinmu na lafiya, sannu da ƙoƙari. Ni ce Asabe daga Ƙofar Wambai, nan cikin Bauchi.

Bara wasu masu binciken lafiya suka shigo unguwarmu suna auna jinin masu ciki. Ba su gaida mai unguwa ba, ba su nemi liman ba, kuma duk maza ne, suna ta Turanci a tsakaninsu. Lokacin cikin ƙanwata Hadiza ya tsufa, ƙafafunta duk sun kumbura. Mijinta ya tare su a zaure ya ce, "Ba ƙaton da zai riƙe hannun matata." Ita ma ta ce mini, "Yaya, kumburin masu ciki ne kawai, zai saɓe."

Ba a jima ba jijjiga ta kama ta. An ceto ranta a asibiti, amma jaririn bai zo da rai ba. Likita ya ce hawan jini ne, da an gano da wuri da an ba ta magani.

Bana sun dawo da ma'aikata mata. Sai da suka zauna da liman da ungozomarmu, suka yi bayani da Hausa, sannan suka fara aiki. Mijin Hadiza da kansa ya riƙa bin magidanta yana roƙon su bar matansu su fito. Hadiza ta ga ana ɗaura wa maƙwabciyarta abin awon a hannu, ta ce, "Yaya, ashe iyakarsa ke nan?"

Mun yarda da ƙaddara, amma abin yana ci mini rai. Jama'a, ku ba ni shawara, yaya zan lallashe ta? Har yau ta hana kowa taɓa akwatin kayan jaririn.