Abin da Muka Ɓoye wa Likitan Hayaƙi

Assalamu alaikum. Shugaban asibiti, malaman jami'a, Hajiya uwar 'ya'yan marigayi, ƙannensa da 'ya'yansa, sai ku abokan sana'ata masu gyaran janareto: Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ni ban yi boko ba, sifana na iya riƙewa ba lasifika ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan faɗi abin da ya tsaya mini a wuya.

A layinmu Likitan Hayaƙi muke kiransa. Ya kasance likita kuma malamin jami'a, mutumin da ya lura masu gyaran inji na faɗuwa da ciwon zuciya tun ba su yi furfura ba, ya baro ofis mai sanyi ya zauna a bencinmu da ya sha baƙin mai. Ya kasance yana maƙala mana wata 'yar na'ura a wuyan riga, da farar takarda a ciki, don ta shaƙi abin da muke shaƙa. Yakan tsokane ni ya ce, "Maigida, ƙirjin nan naka fa ba salansa ba ne."

Hajiya, ki yafe mana. Tsoro muka ji, kada takardun su yi baƙi hukuma ta tashe mu. Sai muka haɗa baki: da ya juya baya, mu cire na'urar mu rufe a kwanon abinci. Wata takwas takardu na koma masa farare fat. Ya dube su, ya dube mu, bai ce mun yi ƙarya ba. Cewa ya yi, "To, bari in sa tawa." Shekara biyu yana wuni a tsakanin injuna, tasa kaɗai ke yin baƙi.

Ban ce mu muka kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma zuciyarsa ce ta tsaya. Har yau in na tada inji sai in ji tarinsa a bayana, in waiga, benci babu kowa. Mu tara muka haɗa bakin nan, mu huɗu muka rage.

Ku ɗalibansa, saboda mu aikinsa bai kammala ba. Ku dawo ku auna mu, ko da za a tashe mu.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya yafe mana kafin mu tarar da shi.