Jiniyar Jirgin Jamaika

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Ceto. Sunana Iliya direba. Ban yi boko ba, ba ni da dogon surutu.

Ina saurayi kwale-kwale ya kife da mu a kogi, muna dawowa daga kasuwa. Ina riƙe da hannun ƙanena Bitrus. Ruwa ya ƙwace shi. Ni na fita, shi bai fita ba.

Tun daga ranar, ko wanka nake ba na bari ruwa ya rufe mini fuska. Kun sha tambaya me ya hana Iliya baftisma, ga furfura a kai. To, kun ji dalili. Duk ranar da Fasto zai kai mutane rafi, sai in ce ina da lodi.

Na tafi Saudiyya don an ce ƙasa ce da babu kogi. Babbar mota na tuƙa, daga Jidda zuwa shingen Makka. Nan nake sauka, tunda ni Kirista ne, sai abokina Hamza, Bahaushen unguwar Kudai ta Makka, ya karɓi sitiyari ya shiga gari. Kullum sai ya tsokane ni: "Ya shaikh, kana zaune a Jidda, ga teku a gabanka, ba ka taɓa leƙa bahar ba? Wallah kai miskin ne." In ce masa, "Ja motarka."

Bana 'yata Rifkatu, wadda take aikin nas a Amurka, ta ɗauke ni zuwa wurinta. Ta ce ta shirya mini hutu. Ban tambaya ba. Sai ga ni gaban wani jirgin ruwa da ya fi unguwarmu girma, wai zai zaga da mu tsibirin Jamaika.

Na ce, "Rifkatu, mai da ni gida."

Ta ce, "Baba, ai otal ne. Rufe ido ka shiga."

Kunyar mijinta da ke tsaye wurin ce ta shigar da ni.

Ko jaka ban buɗe ba, jiniya ta tashi. Mutane suka fito daga ɗakuna. Ma'aikata sanye da rigar ceto suna nuna mana inda ƙananan jirage ke rataye. Ashe atisaye ne, haka suke yi kafin kowace tafiya. Rifkatu ta manta ba ta gaya mini ba. Ni dai na ce shi ke nan, ruwa ya biyo ni.

Na damƙi hannunta. Na zube a gwiwa tsakiyar Turawa, na ɗaga murya da Hausa: "Yesu! Bitrus ya suɓuce mini. Wannan kam ba zan sake ta ba. In nutsewa ne, ka shigo ruwan tare da mu!"

Jama'a, nan take wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na miƙe ina duba wanda zan fara tallafa wa.

Rifkatu ga hawaye ga dariya: "Baba, sake ni, za ka karya ni! Ko igiya ba a kwance ba, muna bakin gaɓa."

Na leƙa. Ga motoci can suna wucewa abinsu.

Wata tsohuwa 'yar Jamaika ta dafa kafaɗata ta ce amin. Ba ta jin Hausa, amma ta san mai addu'a.

An yi mini dariya, na yarda. Amma tsoron bai dawo ba. Halleluya!

Da jirgi ya tsaya a tsibirin, aka kai mu bakin teku. Na tuɓe riga. Na shiga har gwiwa, har ƙirji. Na toshe hanci na nutsa kaina. Na fito da rai! Ni Iliya!

Rifkatu ta tura wa Hamza hoton. Ya ce, "Mashallah, yau miskin ya zama kifi."

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni har can don ya kwance ni. Kai da kake ɗauke da naka tsoron, ka kira Yesu, yana ji.

Fasto, ranar baftisma ni ne a gaba. Ka danna ni sosai, kada ka ji tausayi.

Amin.