Ƙarfen Sabon Amalanke

A bakin kasuwar Gidan Rumji, Malam Kamal, mai gadin layin lantarki, ya raɓa inuwa kusa da amalanken wani manomi da bai sani ba.

"Sannu da rana, Malam," in ji manomin. "Kwana tara ke nan babu wuta, injin niƙa ya tsaya, matanmu sun koma turmi. Wai mi ya faru?"

"Turken ƙarfe ya faɗi. Ɓarayi suka kwance mai ƙafafu. Ni ke gadin layin."

"Allah ya tona asirinsu! Zauna bisa amalanken mana, sabo ne. Buhu goma na gero na ɗora mai, ko lanƙwasa bai yi ba."

Malam Kamal ya kai hannu zai dafa, sai ya duƙa yana duba ƙarfen.

"Innalillahi! Ka ga lambar nan da aka buga? Ƙarfen turkenmu ne!"

"Subhanallahi! Wallahi saye na yi! Ashe bisa kayan sata nike zaune ina zagin ɓarayi? Tashi mu je wajen jandarma, ni zan faɗi sunan wanda na saya wurinshi."

"Wa ya haɗa maka?"

"Musbahu, mai walda a hanyar Gidan Sori. Dogo, mai tabo a goshi."

Malam Kamal ya saki ƙarfen, ya zauna ƙasa.

"Malam, ka san shi ne?"

"Ɗana ne. Ranar da ciwo ya kwantar da ni, shi na aika ya duba mani layin."