Gonaki a Saman Kai

Muna jiran mota ta cika a tashar Keffi, sai wani ƙaramin jirgi ya gilma. Ɗalibar da ke gefena ta dubi dattijon da ke kusa da ita.

"Baba, irinsa nake so in koya, har in riƙa wulƙitawa a sama. Amma takardar shaidar akwai tsada."

"Ni ina da ita, 'yata. In kika kifa jirgi, gonaki su koma saman kanki, gajimare a ƙarƙashin ƙafarki."

"Ta samo maka aiki?"

"Ina! Janareta nake gyarawa a Angwan Iya."

"Ashe ba ta da amfani."

"Tana da shi. Akwai ranakun da sai na ciro ta na ga sunana, sannan nake yarda ba mafarki na yi ba."