Tabon Baƙar Guduma

A shagon kayan kafinta, wata mata ta ɗauki baƙar gudumar roba.

"Baiwar Allah, ɗauki farar," in ji mai shago. "In katakon daɓe za a buga ya kama gam, baƙar tabo take bari."

"Ai tabon nake so."

"Ikon Allah!"

"Da irinta babanmu ya shimfiɗa katakon falonmu. Ya ɓata bakin ƙofa da baƙi, Mama ta yi ta mita har ya rasu. Bana ruwa ya ci katakon, muka sa sabo."

"To, ba shi ke nan ba?"

"Ina fa! Kullum sai ta tsaya tana duban ƙasa, wai ba falonta ba ne."

Mai shago ya ajiye farar.

"Ki buga a karkace. Ya fi fitowa."