Ruwa Har Ƙugun Jikata

Wata mai ɗinki na jiran bas a ƙofar jami'a, rediyon mai kanti na ta bayani kan ambaliya, sai wani dattijo ya zauna a gefenta.

"Yaran gidan rediyon jami'ar nan surutu kawai suka iya," in ji shi.

"A'a, Malam, sun yi mana rana. A taswirar hukuma unguwarmu fili ce, ba kowa. Su suka ce duk wanda ruwa ya shigar wa gida ya auna, ya bugo waya."

"Kin auna?"

"Da jikata na auna. Na ce musu shekaran bara ya kai mata ƙugu, bara ma ƙugu, don haka bai ƙaru ba. Sai mai gabatar da shirin ta ce, 'Inna, ita yarinyar ba ta girma ne?'"

Ya yi dariya har da tari.

"Da suka haɗa awon kowa, ashe katangar jami'a ce ke turo mana ruwan. Sati uku suna faɗa, aka zo aka huda ta."

"Ai mafitar ruwa shida ce a zanen katangar," in ji shi. "Da muka zo gina ta, biyu aka ce mu yi."

Ta dubi hannuwansa, duk siminti ya cinye su. Ya sunkuyar da kai.

"Sauran huɗun wa ya huda?"

"Ni suka sake kira."

Bas ta tsaya, ta matsa ta ba shi hanya.

"Shiga, Malam. Bana ko idon sawun jikata bai jiƙe ba."