Ƙararrawar Cocinmu

A shagon burodin ƙauyenmu na ji wani baƙo ɗan Hamburg ya tare tsohuwa Irmtraud da tambaya.

"Iya, wa ake kai wa kuka a garin nan? Na sayi gida jikin coci, ƙararrawar nan ta hana ni barcin safe."

"Ƙararrawar da iyayenmu suka ɓoye cikin tafki lokacin yaƙi don kada sojoji su narkar da ita?"

"Ai da sun bar ta can! Sai ka ce ana dukan fasasshiyar tukunya."

"Wajen tsamo ta ne ta kuɓuce wa babana ta tsage. Je ka gaya wa shugaban ƙauye."

"Mutum ne mai adalci?"

"Ƙwarai kuwa. Ni na haife shi."

Baƙon ya yi ɗan tari.

"To mai kaɗa ta fa? Ko shi zan lallaɓa ya sassauta hannu."

"Ga ni nan, lallaɓa."

"Ke ce? Don Allah, Iya, yaya kike jure wannan amo a tsakar kanki?"

"Wa ya ce maka jurewa nake, ɗan nan? Kafin in kama igiya nake cire na'urar kunnena. Rabona da jin wannan masifar tun ina da haƙora."